Ranar da Anka Ba Ni Zakka a Hanyar Shagari

Na gaji da tambaya. Duk wanda ya zo rumfata a tashar albasa, kafin ya taya buhu sai ya rage murya ya ce, "Alhaji Ummaru, wai gaskiya ne da ƙafa kat tahi Shagari?" Wasu tausayi ke sa su tambaya, wasu abin kaiwa majalisa suke nema. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da nake da shi. Wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa, a ƙyale ni in yi kasuwata. Da can na yi shiru ne don akwai abin da nake tsoron ya lalace. Yanzu an ɗaura auren, amarya ta tare, bakina ya buɗe.

E, da ƙafa na tafi. Ina da a-kori-kura a ƙofar gida, da mai a cikinta. Ina da babur. Motocin haya kuma suna tashi daga Boɗinga zuwa Shagari wuni guda, kafin ka gama tauna goro an sauke ka. Duk na bar su na bi daji, ni da furfurata da tumbina. Wanda ya jawo mani wannan Sahabi ne.

Sahabi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara yake ce mani bawansa, ni ina ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Aikin gwamnati ya kai shi Jos, ya daɗe can har ya yi ritaya, ya dawo gida da fansho da wata ɗabi'a da ya kwaso. Wai a can akwai ƙungiyar mutane, magidanta masu motoci, da ke tashi ranar Asabar su ajiye motocin a gindin dutse su hau da ƙafa. Na ce mi suke ɗaukowa a saman? Ya ce ba komai. Na ce kasuwa ke ci can, ko kabarin wani waliyyi ne? Ya ce babu ko ɗaya. Su hau, su yi hoto, su sauko. Mu nan wanda ka gani yana tafiyar ƙasa daga gari zuwa gari, ko dai kuɗin mota ya rasa ko shanu yake bi. Su can sai sun ƙoshi suke fita neman wahala.

Abin da ya sa na faɗa hannunsa maganar Nasiru ce. Nasiru ɗan wana ne marigayi. Yana goye ubansa ya rasu, a hannuna ya tashi, ban taɓa bambanta shi da nawa ba. Ya ga yarinya a Shagari, Asma'u, ya nace har ya rame. Ita kuma aurenta a hannun baffanta yake, Alhaji Modi, dattijo mai shanu, wanda kowa ya sani ba ya ba da ɗiya sai ya bincika gidan miji har kakanni. Anka sa mana ranar Lahadi da hantsi mu je neman aure. Ni ne uban ango, amma ba ni da bakin irin wannan zama, in na buɗe baki ciniki ke fita. Sahabi kuwa ya iya jera magana, kuma tare sunka yi makaranta da mahaifin yarinyar. Dole in tafi da shi.

Da na same shi da maganar sai ya ce, "Zan ni, bawana. Amma da ƙafa."

Na ce, "Ƙafar wa?"

Ya ce, "Tawa da taka. Mu tashi Asabar da asuba, mu ratsa ta Wuyan Raƙumi, mu kwana Shagari, mu wayi gari mu yi abin da ya kai mu. Ko dai tumbin ga ya hi ƙarhinka?"

Da shi kaɗai ne da na zage shi ya wuce. To a lokacin likita ya ce ina da suga, ya ce in riƙa taka ƙasa. Maiɗakina Kulu ta riƙe wannan magana kamar aya. Sunka haɗa kai da Sahabi, ita tana cewa ba ta shirya takaba ba, shi yana cewa a kawo mani amalanke a ɗora ni kamar buhu. Na ce to. Ba don lafiya na yarda ba, don kada ya samu abin faɗa a gidan suna na yarda.

Daga nan anka shiga shiri, kai ka ce Makka za mu. Kullum da la'asar yana zaurena da waya, yana nuna mani wani zane. Ga Boɗinga, ga Shagari, ga titi ya yi gwiwa ya zagaya, mu kuma ga layinmu ja ya miƙe ta tsakanin tudu biyu. Wurin da ake ce wa Wuyan Raƙumi ke nan, tsohuwar hanyar jakai, ina yaro na bi babana ta nan. Sahabi yana ce masa dutse. Tudun marmara ne, awaki na hawansa suna tuƙa. Amma tunda ba mu da irin na Jos, da shi zai rage zafi.

Ya ce sai na yi atisaye. Bayan sallar asuba ya riƙa fito da ni muna zagaya filin idi, shi a gaba yana kaɗa hannuwa, ni a baya ina haki. Rana ta farko wata tsohuwa mai ƙosai ta tsai da ni ta ce, "Alhaji, akuya ta ɓace maku?" Ya sayo mani kambas a gwanjo, na ce ni ba ɗan ƙwallo ba ne, da faɗena na fata zan tafi, da shi na san ƙafata. Ya ce ba a cin abinci mai nauyi a hanya, dabino da gyaɗa sun isa. Ya auna inda za mu huta da inda rana za ta same mu da lokacin da za mu shiga gari, yana da agogo mai ƙirga masa taku, kamar wani zai saya. Ƙanena Bello kuma anka ce ya taho da motar ranar Lahadi da safe, da manyan rigunanmu da goro da alawa. Mu shiga Shagari a ɓoye, mu kwana a masaukin baƙi na bakin titi, surukai ba za su gan mu ba sai cikin babbar riga. Haka munka tsara. Abin da bai shiga wayar Sahabi ba, ni ma kuma bai zo mani a rai ba, shi ne hanyar akwai mutane a kanta, kuma sun san ni.

Ranar da ya zo ɗaukata sai da na koma ciki na sake fitowa. Ga shi da wando mai aljifai har gwiwa, malfa, jakar goyo irin ta 'yan makaranta, sandunan ƙarfe biyu ɗaya a kowane hannu. Daga cikin jakar wata siririyar roba ta zagayo ta kafaɗa ta tsaya kusa da bakinsa, wai ta nan yake shan ruwa ba sai ya tsaya ba. Na ce, "Bawana, wane asibiti ka gudo da ƙarin ruwansu?" Ya ce jahilci ne ke damuna. Ni ma ya rataya mani ƙaramar jaka ya ba ni sanda ta icce.

Lokacin kaka ne, ana yankan gero, kowa na gona. Ba mu yi nisa da gari ba ɗan kabu-kabu na farko ya tsaya. Ya gaishe ni, ya dubi jakar, ya dubi ƙafata, ya ce in hau. Na ce mun gode. Ya ce, "Alhaji, hau mana, ba sai ka biya ba." Wannan kalma ta tsaya mani a wuya. Tunda nake ba a taɓa ce mani ba sai na biya ba, kullum ƙari ake nema a wurina. Sahabi ya shiga yi masa bayanin zuciya da jini da yadda Turawa ke yi. Mutumin ya saurara yana kallon robar bakinsa, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ja babur. Kafin hantsi an tsaya mana ya fi a ƙirga. Kowane ya tafi, labari ya tafi da shi, su kuma sun fi mu sauri.

Ga gaisuwa. Mutum ba ya ratsa gonar wanda ya sani ya wuce kamar ɓarawo. Sai ka tsaya, ina gajiya, ina aiki, yaya iyali, yaya muka ji da ruwan bana, ya tambayi naka gidan ɗaki ɗaki. Sahabi na tsaye yana duba agogo yana cewa muna ɓata lokaci. Na ce, "Can Jos duwatsun ba su da masu su ne?"

Da rana ta fara zafi munka faɗa gonar Malam Jabbi. Manomi ne da ke da fadama wajen Danchadi, shekara da shekaru ni ke sayen albasarsa. Suna ɗaurin damma shi da 'ya'yansa. Ya shimfiɗa mana buhu a inuwar gawo, anka kawo fura mai sanyi da nono. Na kafa kai na sha har na ji idona ya buɗe. Sahabi ya ce shi a'a, tana sa nauyin jiki, ya kama robarsa ya tsotsa. A gaban mai gona, an miƙa maka ƙwarya ka ƙi karɓa. Malam Jabbi ya dube shi ya daɗe.

Da za mu tashi ya ce in zo. Ya ja ni bayan tarin damma inda ba mai ganinmu, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya.

Ya ce, "Alhaji, tun ɗazu labari ya iske mu. Ban so in yarda ba sai da na gani da idona."

Na ce, "Wane labari?"

Ya ce, "Kasuwa haka take, yau gare ka gobe ga wani. Shekarar da ruwa ya ci mani fadama kai ka riƙe ni. Bana Allah ya ba mu gero, zakka ta hita, ban kai ga rabawa ba. Na ware maka naka."

Na ji jini ya hau mani kai. Na ce, "Malam Jabbi, motata na ƙofar gida. Rumbun albasata cike yake. Likita ne ya ce in taka."

Ya dafa hannuna ya ce, "Na sani, Alhaji. Na sani."

Duk wanda ya taɓa rufa wa wani asiri ya san wannan murya. Ni kaina na sha yi wa mutane ita. Ya ce kada in damu, ba a hannu zai ba ni ba, amalanke zai kai gida bayan duhu ya shiga, ba wanda zai gani. Sannan ya kamo zabuwa ya ɗaure mata ƙafa ya ce guzuri. Zakka na iya musu a kanta, kyauta ba a mayarwa. Na ɗaure ta a bayan jakar Sahabi, na ce bawa ke ɗaukar kaya. Kafin azahar ta yi masa abin da ta ga dama a kan aljifan.

Daga nan ne na yi tawa wautar, ba zan ɓoye ba. Munka zo mararraba, wayar ta ce dama, ni na ce hagu, don ta hagu na bi da babana. Na rantse masa na san hanyar kamar tafin hannuna. Munka bi tawa, ta kai mu cikin gonar waken wani, daga nan ta faɗa wani kwazazzabo da ruwa ya ci, ko akuya ba ta sauka. Dole munka juyo. Faɗen nan nawa kuma ya yanka mani diddige, tsakuwa na shiga tana fita. Na zauna na kasa tashi. Sai Sahabi ya buɗe jaka ya fito da kambas ɗin da na ƙi, ashe ya taho da su. Ya ajiye a gabana yana murmushi. Da zagi ya yi da ya fi mani sauƙi. Na sa. Sun yi daɗi, Allah ya isa.

Wuyan Raƙumi kuwa, ga masu tambayar yadda yake: hawa ne, da duwatsu ja masu zafi, da ƙaya, da ƙuda. Babu inuwa babu ruwa. Da munka kai sama Sahabi ya buɗe hannuwa kamar mai shanya, ya ce, "Dubi ƙasarmu, Ummaru. Dubi ikon Allah." Na duba. Gonaki ne, irin waɗanda nake gani kullum daga ƙasa. Can nesa ga titi, ga motoci na wucewa a guje, mutane zaune cikinsu iska na bugunsu. Ban taɓa jin ƙaunar motar haya ba sai ranar. Lokacin salla ya yi na ce ya ba ni buta. Mutumin da ya shirya komai, har da maganin cizon kunama, bai taho da buta ba. Da robar nan ya riƙa matso mani ruwa ina alwala, kamar ana ba ɗan akuya nono. Wani Bafulatani ya ratso da shanunsa, ya tsaya ya gama kallonmu, ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To mi an na saurin?" Ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Gangaren bayan tudun ƙasar Shagari ce, kuma a nan wasa ya ƙare. Kun san halin da ake ciki da ɓarayin daji. A gindin wata tsamiya 'yan banga sun gitta icce a hanya, da bindigoginsu na toka. Sunka ce mu tsaya, mu ajiye kaya. Sunka zazzage jakunkuna, sunka jujjuya sandunan ƙarfen suna neman inda ake ɗana su. Babbansu ya karɓi wayar Sahabi. Mi zai gani? Jan layi ya ratsa daji ya bi ta bayan ƙauyuka, da hotunan mashigar tudu da na hanyoyin shanu, an ɗauka ta kowane gefe.

Ya ce, "Wa ya aiko ku ku auna hanya?"

Sahabi ya ce, "Ba wanda ya aiko mu, ɗana. Motsa jiki ne, nishaɗi."

Ya ce, "Nishaɗi. Cikin dajin ga. Zauna ƙasa, baba."

Munka zauna a ƙasa, ni da na je Makka, zabuwa na kuka a gefena. Ina tunanin Nasiru, ina tunanin a ce gobe da hantsi ana jiran uban ango, shi kuwa yana ɗaure a ofishin 'yan sanda da sunan ɗan leƙen asirin ɓarayi. Allah ya taimake mu wani daga cikinsu ya dawo daga ɗebo ruwa, Ɗanjuma, magidanci ne da ya taɓa yi mani dako a tasha. Ya gan ni ya saki jarka ya durƙusa. Ya ce wa babban ya san ni, ya san gidana, in ni ɓarawo ne to shi ma ɓarawo ne. Anka mayar mana da kaya. Sannan ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, ina motar?" Na ce tana gida, likita ya ce in taka. Ya ce, "Wane likita?" Ya saci kallon Sahabi, wanda ke tsotsar robarsa. "Ba dai na asibitin masu taɓin hankali na Kware ba?"

Don kada a sake tare mu a gaba, ya buga wa 'yan'uwansu na bakin gari waya. Ina tsaye ina ji. "Dattijai biyu na nan tahe, a bar su su wuce. Guda Alhaji Ummaru na Boɗinga ne, mai albasa. A'a, da ƙahwa. To, Allah dai shi ruhwa muna asiri. Gudan kuma taubashinai ne, shina da roba a baki. A bi shi a hankali." Haka labari biyu sunka riga mu shiga Shagari: ɗaya na karye, ɗaya kuma akwai taɓin hankali a danginmu.

Ana kiran magariba munka shiga gari, ina jan ƙafa kamar an yi mani kaciya. Masaukin da munka yi niyyar ɓuya a ciki ko ƙofarsa ba mu taɓa ba. Wani dattijo na zaune a kan benci yana jiranmu, ya ce Alhaji Modi ya aiko shi, ya ce kada mu kashe kuɗin ɗaki, ɗakin baƙinsa na nan. Haka munka shiga gidan surukai da kambas da jakar goyo da zabuwa.

Mutanen Shagari, in ba su haƙƙinsu, sun iya baƙo. An kawo ruwan ɗumi da gishiri na tsoma ƙafa. An kawo tuwon dawa da miyar sure, man shanu na yawo a kai, ba irin ɗigon da ake yi mana a Boɗinga ba kamar maganin ido. Sahabi mai cewa abinci na sa nauyi, sai da ya siɗe kwano. Kuma ba su tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya kwana. Mu da a gida ne, kafin ka cire takalmi an ji komai. Alhaji Modi ya leƙo, dogo, siriri, da carbi. Ya yi mana sannu da hanya. Ya dubi ƙafafuna cikin roba, ya dubi sandunan ƙarfe a jingine, ya dubi zabuwa, ya ce mu huta gajiya. Wannan shirun ya fi tambaya ciwo.

Da safe Bello ya iso da motar, ya tsaya a ƙofar gida, na ce alhamdu lillahi, yanzu kowa zai gani. Ina sa babbar riga na ji wasu a waje suna cewa, "Ka gani, ƙanen ya saye motar, don kada ta hita gida. Ɗan halak ne."

Kafin a zauna a buɗe goro, Alhaji Modi ya aiko a kira ni da Sahabi zaurensa na ciki, mu uku kawai. Ya sa anka sakaya ƙofa.

Ya ce, "Alhaji Ummaru, ni ba ni iya kewaye-kewaye. Yaronku mun bincika, ba mu samu abin ƙi ba. Amma jiya magana biyu ta shigo garin ga kahin ku shigo. Guda an ce kasuwa ta juya maka baya. In ita ce, ba komi. Na ga shanu ɗari sun zama sanda a hannun mai su, ban hana ɗiya don wannan. Gudar kuwa," ya ɗan dubi Sahabi, "an ce lalura ce ta kai, kuma kun haɗa jini. Ita wagga tana bin zuri'a. Ɗiyar ƙanena amana ce gare ni. Ina son in ji daga bakinka, mi ya hito da dattijo mai mota ya ratso daji da ƙahwa?"

Sahabi ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta ma'aikata, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ko ɗaya. Mu munka zaɓa. Akwai daɗi a ciki, in ka hau sama ka hango ƙasa sai ka ji zuciyarka ta yi fari. Ni a Jos kowane mako nake yi, har na fi wannan nisa."

Ina kallon fuskar Alhaji Modi. Yatsansa ya tsaya a kan carbi. Ya ce a hankali, "Kowane mako. Ba abin da kake nema a saman."

"Ba komai, ranka ya daɗe."

Na ga auren Nasiru na zamewa kamar sabulu a bakin rijiya. Gaskiyar da Sahabi ke faɗa ita ce hauka a kunnen wannan dattijo, kuma in ka bi ta tsakani da Allah ban ga laifinsa ba. Abu biyu ke gabana, in zama matsiyaci ko in zama ɗan gidan mahaukata. Sunan da na yi shekaru ina ginawa a kasuwa, da yaron da wana ya bar mani. Na take ƙafar Sahabi da diddigen nan mai ciwo, na sunkuyar da kai.

Na ce, "Alhaji, albasa ta ruɓe mani bana."

Ba ƙarya na yi ba, kowace shekara sai wata ta ruɓe. Alhaji Modi ya sauke numfashi, carbi ya ci gaba da tafiya. Ya ce, "Shi fa?"

Na ce, "Rufa mani asiri yake yi, shi ya sa yake wannan zance. Ya ga zan taho ni kaɗai ya ce sai ya raka ni. Kayan kuma na aikin gwamnati ne, haka ake ba su a can. Dangantakar ma, in an bi ta, da ɗan nisa."

Sahabi ya buɗe baki, na ƙara danna ƙafar. Alhaji Modi ya dube shi da wani sabon ido ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Malam. Zumunci ya yi ƙaranci yanzu." Ya juyo gare ni ya ce mutumin da ya rasa kuɗin mota amma ya taka daji don kada ya saɓa ranar da anka sa masa, irin gidan da yake nema ke nan. Munka fito anka buɗe goro, Sahabi ya jera maganarsa yadda ya iya, anka ba mu Asma'u. Har cewa anka yi kada mu wahalar da kanmu wajen lefe.

A mota munka dawo. Tun daga Shagari har Boɗinga Sahabi na cewa, "Da ɗan nisa, ko? Uwata da ubanka ciki ɗaya, da ɗan nisa." Har yau in munka haɗu a taro da wannan yake gaishe ni. Na isa gida na tarar da damman gero jingine a zaure. Kulu ta ce an kawo jiya, an ce kada ta gaya mani wanda ya aiko, ta tsare ni da ido ta ce in akwai abin da nake ɓoye mata in faɗa. Na kai wa makarantar allon unguwarmu geron, don ni bai halatta gare ni ba. Labari ya kai har kasuwar Kajiji. Masu zuwa neman taimako ƙofata sunka ɗauke ƙafa, wannan kam ban yi kuka da shi ba. Likita kuma da na koma na gaya masa, ya ce shi zagayen unguwa ya ce, bai ce Shagari ba. Sugan na nan inda yake. Sahabi yanzu wani tudu yake aunawa a waya, can wajen Kajiji, yana neman abokin tafiya. Wanda ya ga yana da suna da yawa har yana son ya rage, ga shi nan.

Abu ɗaya ya rage yana cina. Bayan biki da tarewa na ce ba zan bar surukina cikin duhu ba. Na sa rigar da ta fi kowace tsada, na tuƙa motata da kaina har ƙofar gidansa, na kai masa buhun albasa mai kyau. Munka zauna a zauren nan na ciki na warware masa komai, tun daga Jos da filin idi har ƙafar da na take. Na ce ban taɓa karyewa ba, motar tawa ce, rumbuna cike yake, wauta ce kawai ta dattijai biyu.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya kira a sa mani buhun gero a bayan mota. Ya rako ni har waje, ya kama hannuna da hannu biyu, ya rage murya.

Ya ce, "Na sani, Alhaji. Na sani."